Makon da Gwaggo Ma'u Ta Juya Kamu

A Unguwar Kabo, can bayan Dudunni, idan yaro ya ƙi cin tuwo ba a tsorata shi da kura. Cewa ake yi, "To bari Gwaggo Ma'u ta ji." Nan take zai haɗiye lomar, ko da hawaye ne mahaɗinta.

Ma'u ba malama ba ce. Ba ta taɓa zama a aji ba, in ka rubuta sunanta ka nuna mata sai dai ta ce Allah ya yi maka albarka. Amma ita ce mai kamu. Tun shekarar da aka kafa ƙungiyar iyaye mata a firamaren unguwar, aka yi ta kallon-kallo a kan wa zai riƙa bi gida-gida yana fito da yaran da suka maƙale, ta ce a bar mata. Kullum da safe sai ta ci ɗamara, ta ɗauki wata sandar geza da ta yi sulɓi saboda riƙo, ta faɗa gidajen mutane da sallama ɗaya tak. Ta zaƙulo wannan daga ƙarƙashin gado, ta sauko da wancan daga bakin rumbu, ta bi wani har gona ta karɓe fartanyar hannunsa uban yana tsaye yana kallo. Wanda ya ce cikinsa ke murɗawa, ta ce akwai masai a makaranta. Wanda ya ce mura yake yi kuwa ya gamu da gamonsa, domin amsarta ba ta canzawa, har yara sun mai da ita waƙa suna tafa hannu: "Mura ba ciwo ba ce, hyace ka wuce!"

Ana zaginta a bayan ido, ana durƙusa mata a gaban ido, duka biyun ba su taɓa rage mata barci ba. Ita dai ta san kafin ta ɗauki sandar nan, da damina ta sauka ajujuwa kan koma makwancin awaki. Yanzu ko ana tsakiyar noma sai ka jiyo karatu yana tashi har bakin rijiya.

Mutum ɗaya ce sandar ba ta taɓa nunawa ba: jikarta Amatullah. Ba don son kai ba, ko da yake son kan yana nan daram. Yarinyar ce ba ta buƙatar kamu, ita ce ma ke tashin kakarta da safe. Tun da aka kai ta yaye ɗakin Ma'u ba ta koma ɗakin uwarta Sumayya ba, alhali tsakar gida ɗaya ce. Tabarmarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, faɗansu kuma ba ya ƙarewa. Ma'u na kiranta ƙawata, ita tana ce mata Iya. Kuma ba ta taɓa fita makaranta ba sai ta sunkuyar da kai, Ma'u ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta tofa mata a ka, ta shafa har wuya. Ran da Ma'u ta yi gaggawa ta manta, yarinyar ta bi ta har gidan mutane ta tsaya mata a gaba da kai a sunkuye.

Siririya ce Amatullah, fararen idanunta da ɗan ruwan ɗorawa, domin da sikila aka haife ta. Daminar bara, ana gab da jarrabawar ƙarshen shekara, wata mura ta zagaya ajinsu. Sauran yara suka yi atishawarsu, suka goge hanci da hannun riga, suka ci gaba da tsalle-tsalle. Ita kuwa murar ta sauka mata a ƙirji. Ubanta Sada ya ɗora ta a babur, Ma'u ta zauna a baya ta rungume ta har asibitin Kankia, tana jin numfashin yarinyar yana fita da ƙyar kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Aka ƙara mata jini, aka yi kwana da kwanaki. Ran da za a sallame su wata nas ta ja Ma'u gefe ta ce, "Mama, abin da yake mura a jikin wasu, a jikin wannan yarinyar yana iya zama wani abu daban. Ki nesanta ta da mai tari." Da suka dawo gida an gama jarrabawa har an rufe makaranta, aka ce Amatullah ta maimaita aji biyar. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai da suka shiga ɗaki ta ce, "Iya, in aka ƙara maida ni baya, na bar boko ke nan." Ma'u kuwa ta san jininta: in ta faɗa, ta faɗa.

Bana sai iskar farkon damina ta yaye kwanon ajujuwa biyu ta kai shi gonar gyaɗa. Hedimasta, Malam Abdulbaƙi, ya kai kuka inda ake kaiwa, aka ce ya jira. Dole aka cusa 'yan aji huɗu da biyar da shida a ɗaki ɗaya, yara kafaɗa da kafaɗa a benci, tagogi a rufe saboda feshin ruwa. Ana jibi jarrabawa kuma mura ta shigo unguwa, irin mai zuwa da masassara da ciwon gaɓoɓi. Ma'u tana tsakar gidanta tana jiyo tari ta kowace katanga.

Ran Litinin da safe Amatullah ta riga kowa shiri, ta feƙe fensir biyu, ta zo ta sunkuyar da kai. Ma'u ta tofa mata, ta shafa, sannan ta ce, "Ƙawata, zauna nan. Kada ki hita sai na dawo na ɗauke ki."

"Iya, yau hwa ake hwarawa."

"Na ce ki zauna."

Gidan farko da ta shiga na Shamsiyya ne, matar wani ɗan ɗan'uwanta. Ɗanta Zakiyyu tsohon abokin hamayyar Ma'u ne, babu lungun gidan da ba ta zaƙulo shi ba. Yau kuwa sai ta tarar da shi a zaune kan turmi cikin yunifom, idanu jawur, hanci na zuba, haƙora na haɗuwa. Uwar tana ganin sanda ta zabura.

"Gwaggo, ai na shirya shi, yanzun ga zai tahi."

Ma'u ta kai bayan hannu wuyan yaron ta janye da sauri. Jikin ya yi zafi rau.

"Tuɓe mashi kayan ga ki kwantar da shi."

Shamsiyya ta yi 'yar dariya, ta ɗauka gwaji ne. "Haba Gwaggo, mura ce kawai. Ai ke kika ce..."

"Na san abin da na ce. Tuɓe mashi."

"Jarrabawar hwa? An ce wanda bai zauna ba ya maimaita."

"Wannan ki bar mani."

Ta fita ta bar uwa da ɗa baki buɗe. Gida na biyu ta tarar yarinyar ta riga ta tafi, da tarinta da komai. Gida na uku haka. Wata tsohuwa har tana yi mata albishir cewa jikanta ya kwana yana rawar ɗari amma ta kora shi tun da wuri don kada a ji kunya. Nan Ma'u ta gane aikinta ya yi kyau fiye da yadda take so. Ta koya wa unguwa guda cewa babu uzurin da ke karɓuwa, kuma unguwar ta iya karatun. Duk wani mai majina a Unguwar Kabo yanzu yana can ɗaki ɗaya, a bencin da Amatullah za ta zauna. Ta juya ta nufi makaranta, sanda na dukan ƙasa.

Tun daga bakin shinge ta jiyo su. Wannan ya yi tari, wancan ya amsa, kamar kwaɗi bayan ruwa. Ta tura ƙofar ajin, wani ɗumi mai nauyi ya buge ta. Yara suka miƙe suna gaisuwa, rabinsu da murya a shaƙe. Ta bi benci-benci tana kai bayan hannu wuya. "Kai, tashi. Ke, tashi. Kai ma kada ka ɓoye mani hanci, na gan shi." Ta tara su a baranda kamar yadda ta saba tara su a bakin gidajensu, sai dai yau fuskarsu gida take kallo. Yaran suka rasa ko murna za su yi ko kuka.

Malam Abdulbaƙi ya fito daga ofis rungume da takardun jarrabawa. Mutumin garin Ƙofa ne, dogo, mai sanyin magana, kuma shi da kansa ya sha faɗa a taro cewa Gwaggo Ma'u ta fi masa malamai uku.

"Gwaggo, lahiya? Ina za ki kai mani ɗalibai?"

"Inda na ɗauko su."

"Yau hwa ake hwara jarrabawa."

"Shi ya sa."

Ya gyara riƙon takardun. "Gwaggo, ba sai kin koya mani yadda mura ke yaɗuwa ba. Leƙa allo ki gani, ni na zana masu da hannuna, mai atishawa da wanda ke gabanshi. Amma sakamako Juma'ar ga ake jiranshi ohishin ilimi na Kusada, kuma wanda bai zauna ba ya maimaita. In na ce masu mura su koma, kusan rabin ajin ya tahi. Na san abin da ke ranki. Hanya mai sauƙi, ki riƙe Amatullah gida. Mutum ɗaya ce."

Da ya tsaya a sakamako da Kusada, wataƙila da an yi magana ta hankali. Amma wannan "mutum ɗaya ce" ta shige ta kamar ƙaya.

"Watau mai lahiya ta zauna gida, marasa lahiya su zo makaranta," in ji ta. "Wannan lissahin a wane aji kuke koyar da shi, Malam?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma bakin ƙofar ajin ta zauna daɓas a dokin ƙofa, ta miƙe ƙafafu daga wannan bango zuwa wancan, ta ɗora sanda a cinya. Malam Abdulbaƙi ya tsaya da takardunsa a waje, sauran yara suna ciki suna leƙe. Taku ɗaya ne tsakaninsa da ajin, amma uwarsa ba ta haife shi ya tsallake ƙafar tsohuwa ba, balle a gaban yaran da yake koya wa ladabi. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da girman Allah, ta ce ita ma da girman Allah ta zauna. Da abin ya gagara sai ya aika a kira mai unguwa.

Ɗanmaliki mai unguwa taubashin Ma'u ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa juna tsiya ba. Ya taho yana dariya tun daga nesa, dattawa biyu a bayansa.

"Yau kuma baiwar tawa gadi ta samu? Ma'u, tsuhwa ya hwara taɓa maki kai."

Ba ta rama ba. Wannan ya sa dariyar ta tsaya masa a wuya, domin bai taɓa jifanta da magana ta faɗi ƙasa ba. Hedimasta ya ba shi labari. Ɗanmaliki ya tsuguna kusa da ita ya sassauta murya, irin ta mai son gyara.

"Ma'u, ki ji tsoron Allah. Ɗiyan mutane su maimaita aji saboda jikarki? Kuma ke da bakinki kika ce mura ba ciwo ba ce. Har waƙa aka yi maki."

"Ni na hwaɗa. Yau na ce ciwo ce. Bakin nawa ne, ban aro shi wurin kowa ba. Kuma ba wanda zai maimaita. A ba su tasu jarrabawar in sun warke."

"Ba haka ake yi ba."

"To yau a hwara."

Ya dubi ƙasa, sannan ya faɗi abin da rabin unguwar ke faɗa a bayan idonta. Da tausayi ya faɗe shi, abin da ya ƙara masa muni ke nan. "Yarinyar ga da Allah ya jarrabe ta, mi za ta yi da takarda? Ki bar ta ta huta, ta ji daɗin abin da ya rage mata."

Ma'u ta ɗago ta dube shi har sai da ya kau da ido. Muryarta ba ta tashi ba, amma har na bayan aji sun ji.

"Kai aka aiko wa labarin abin da ya rage mata? Mutum nawa ka raka kushewa, ƙarhwahwa masu jini a jika, ita tana nan tana hyeƙe hensir? Ɗanmaliki, ajin ga ni na cika shi da ɗiyan da ba su so. Na ɗauko su ƙarƙashin gado, na ɗauko su gona. Guda ɗaya ce ke zuwa da ƙahwarta tana murna, ita ce za ku ce ta zauna gida? Ba dai ina numhwashi ba."

Sai ta ɗauki sandar ta ajiye a gabansa.

"In kun ƙi, ga sandarku. Noman maimai na tahe. Ku nemi wanda zai bi maku ɗiya gona."

Babu wanda ya miƙa hannu. Dattawan biyu suka shiga gyaran murya suna duban sama kamar masu neman hadari. Kowa a wurin ya san me makarantar za ta koma idan sandar nan ta kwana a ƙasa, kuma babu wanda ya fi Malam Abdulbaƙi sani. Ya dubi yaran da ke baranda. Wata 'yar aji huɗu ta jingina da bango, ido a lumshe, fensir yana neman suɓuce mata. Ko an ba ta takardar ba abin da za ta rubuta.

Ya yi ajiyar zuciya. "In an kira ni ohis a kan jinkiri, ke za ki je ki yi bayani, Gwaggo?"

"Ka zo da babur, ni zan hau."

Har Ɗanmaliki sai da ya yi murmushi. Ya tura mata sandar da ƙafa ya ce Allah ya shirye ta, ta ce amin tare da shi.

Aka tsaya a kan masu mura za su rubuta tasu in sun warke. Haka aka yi kamu a juye. Ma'u ta sa masu mura a gaba ta bi da su gida-gida, mai jiri ta goya shi, kowace uwa ta ji abu guda: a kwantar, a ba da ruwa da kunu mai ɗumi, wanda numfashinsa ya canza a nufi asibiti da shi, kuma kada ta ga ƙeyarsa a hanya sai ya warke. Kafin ta dawo hedimasta ya sa an wangale tagogi, an kwashi 'yan aji shida zuwa ajin da ba rufi tunda sama ta washe, an kai 'yan aji huɗu gindin dalbejiya. Ya ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Ma'u ta yayyaga wani tsohon zaninta ta raba wa yara, ta ce duk wanda atishawa ta kama ya tare ta da ƙyalle, wanda ya fesa wa ɗan'uwansa kuma ita da shi ne.

Sai da ta tsaya bakin rijiya ta wanke hannu da fuska da sabulu, ta shiga ɗakin Sumayya ta sake kaya, sannan ta je ta ɗauko Amatullah, wadda ta cika ta yi fam don jira. Aka zaunar da ita bakin taga, ita kaɗai da wata a benci. Da daddare Ma'u ta raba kwanonta da na Amatullah, ta ja tabarmarta bakin ƙofa. Yarinyar ta tambayi dalili, Ma'u ta ce ta gaji da cin tuwo da mai wawaso, ta gaji da kwana da mai shuri.

Talata ta wuce lafiya, Laraba ma Amatullah ta dawo tana ba da labarin tambayar da ta gagari kowa ban da ita. Saura takarda guda, ta lissafi, washegari. Ma'u kuwa ba ta zauna ba. Da safe tana bakin shinge tana taɓa wuya, da rana tana zagaya gidajen marasa lafiya don ta tabbatar ba a kora su gona ba. A hanyarta ta dawowa ran Laraba da la'asar ta ji maƙogwaronta yana ƙaiƙayi. Ta ce ƙishi ne. Ta kusa gida gwiwoyinta suka yi nauyi, ta ce tsufa ne. Daidai bakin zaure atishawa ta ƙwace mata, ta sake, ta sake. Ta tsaya cak da gefen mayafi a hanci. Daga ciki tana jiyo muryar Amatullah tana bitar lissafi da ƙarfi.

Ma'u ta san in ta shiga ta ce yarinyar ta koma ɗakin uwarta, za ta ce to, kuma kafin gari ya waye za ta same ta a manne da bayanta. Don haka ba ta shiga ba. Ta zagaya bayan katanga ta kira Sumayya a hankali, ta ce ta miƙo mata zane da bargo ta sama, ta ce a wanke kwanonta da ruwan zafi, a shanya tabarmarta a rana. "In ta tambaya, ki ce ina gidan Shamsiyya. Kada ki bari ta biyo ni, ko za ta yi birgima."

Shamsiyya ta ga Gwaggo Ma'u a tsakar gidanta da bargo a hammata, ido ya yi ja, hanci na zuba. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma dariya ta ci ƙarfinta.

"Gwaggo, ai mura ba ciwo..."

"Ƙarasa ki gani."

Aka shimfiɗa mata kusa da Zakiyyu, wanda ya fara samun sauƙi. Yaron ya yi ta kallonta, bai taɓa sanin ita ma tana kwanciya ba.

Da safe jikinta ya yi tsami kamar an daka ta. Shamsiyya ta hana ta fita, Ma'u ta ce ba a haifi mai hana ta ba. Ta rufe baki da hanci da mayafi, ta dogara sandar da ba ta taɓa dogarawa ba, ta ja jiki har gindin tsamiyar da ke tsallaken hanya, nesa da shingen makaranta, ta zauna a kan saiwa. Malam Abdulbaƙi ne da kansa a bakin shinge, hannun riga a naɗe, yana taɓa wuyan yara ɗaya bayan ɗaya. Ya hango ta, ya ji tarinta, ya ɗaga murya.

"Gwaggo, gida! Dokarki ce."

"Ban taka maka makaranta ba, Malam. Tsamiyar ga ta girme ka."

Sai ga Amatullah ta ɓullo ita kaɗai, fensir a hannu, idanu a kumbure, alamar daren bai yi mata daɗi ba. Tana hango kakarta ta saki hanya ta kwaso da gudu.

Ma'u ta miƙe. Ta ɗaga sandar gezar sama, yadda take ɗaga wa 'ya'yan mutane, ta daka tsawa da muryar da ta shaƙe.

"Tsaya nan!"

Yarinyar ta ja birki a tsakiyar hanya. Ta dubi sandar, ta dubi kakarta. Yaran da ke wucewa suka tsaya, domin wannan abu ne da ba a taɓa gani ba a Unguwar Kabo.

"Iya, ni ce hwa."

"Na ga ke ce. Wuce aji."

"Ba ki toha mani ba." Ta sunkuyar da kai daga can inda take, kamar kullum. "Lissahi ne yau, Iya. Ki toha mani kawai in tahi."

Ma'u ba ta sauke sandar ba. Tunda take ba a taɓa roƙonta abin da ya fi wannan sauƙi ba, kuma ba ta taɓa hana abin da ya fi shi ciwo ba. Ta juya wa yarinyar baya. Ta karanta abin da ta saba karantawa a ƙarƙashin mayafi, a hankali, ba ta tsallake ko harafi ba, ta tofa a tafin hannunta ta dunƙule. Sannan ta juyo ta ɗaga dunƙulen yadda za ta gani.

"Ga shi nan na yi, na riƙe maki. In na warke ki zo ki amsa. Yanzu wuce, tun ban saɓa maki ba."

Amatullah ta share ido da bayan hannu. Ta ɗan tsaya, ta ga dai sandar ba za ta sauka ba, ta juya. Hedimasta ya taɓa wuyanta, ya ji sanyi kalau, ya ɗaga wa tsamiya hannu. Ta wanke hannu a buta ta shiga.

Ma'u ta koma kan saiwar ta zauna. Daga nan tana hango tagar a wangale, da ɗan farin hijabi a sunkuye kan takarda. Tari ya taso mata, ta danne shi cikin mayafi. Shamsiyya ta aiko a ce ta dawo kunu zai huce, ta ce ya huce. Ba ta tashi ba sai da aka kaɗa ƙararrawa ta ga an karɓi takardar yarinyar. Sannan ta dogara sanda ta bi ta bayan gari zuwa gidan Shamsiyya, don kada su haɗu a hanya, hannunta na dama har yanzu a dunƙule.